TSATTSEWA DA TSOFAFFIN GINE-GINENMU

Na san wasu da sun ga kan maganar nan za su yi dariya su ce, duk abubuwan da ke damun jama'a, ga tsadar abinci, ga kuɗin makaranta, ba a ga abin rubutu ba sai tsuntsu? Ba zan yi gardama da su ba tukuna. Ina roƙonsu dai su bi ni a hankali su ji abin da na gani da idona, in mun kai ƙarshe kowa ya yanke nasa hukuncin.

A bakin tashar garinmu akwai wani tsohon kanti wanda aka gina tun zamanin da ake awon gyaɗa da auduga. Duk wanda ya taɓa zuwa cin kasuwa ya san shi, ga katanga mai kauri, ga doguwar baranda da ginshiƙai waɗanda fentinsu ya daɗe da ɓarewa. A ƙarƙashin rufin barandar, daidai inda katanga ta haɗu da silin, akwai wasu dunƙule-dunƙule masu kama da tsumman da aka manna da gam. Sheƙunan tsattsewa ne. Tsofaffin unguwar sun ce tun suna yara suke ganinsu a wurin. Kowace yamma, in rana ta kusa faɗuwa, sai tsuntsayen su taru a sama suna kewaya kantin suna ƙara, har duhu ya fara sa'an nan su shige ɗaya bayan ɗaya.

Kwanakin baya kantin ya sami sabon mai shi, shi kuwa ya kawo ɗan kwangila domin a gyara. Gyara abu ne mai kyau, ginin ma yana bukatarsa. Amma aikin farko da aka sa yaran ɗan kwangilar shi ne su ɗauki dogayen gorori su kakkaɓe sheƙunan nan duka. Na iso wurin da hantsi na tarar ƙasa ta cika da gashin tsuntsu da busasshiyar ciyawa, ga fasassun ƙwai, ga 'ya'ya waɗanda ko gashi ba su gama fitarwa ba suna motsi cikin ƙura, kajin unguwa kuwa sun sami abin kalaci. Iyayen suna ta zuwa suna karo da katanga a inda ƙofar sheƙarsu take jiya. Na tambayi babban ma'aikatan ko ba za a iya dakatawa 'yan makonni ba. Ya dube ni da mamaki ya ce, "Ranka ya daɗe, ai datti ne." Shafen fentin bai ɗauke su mako guda ba.

Ban ɗauki mutumin nan mugu ba. Bai taɓa tsayawa ya duba abin da ke cikin dattin ba ne kawai, ni ma da nake magana na yi shekaru ina wucewa ta ƙarƙashin barandar nan ban ɗaga kai ba. Hausawa sun ce, ido wa ka raina? Ya ce wanda nake gani yau da gobe. To, ra'ayina ke nan a taƙaice: tsofaffin gine-ginen ƙaramin gari irin namu suna da mazauna waɗanda ba a rubuta sunansu a takardar haya ba, kuma kafin a kafa tsani a jikin kowane tsohon gini ya kamata wani ya fara ɗaga kai ya duba, ya ƙirga, ya kuma faɗi lokacin da ya dace a yi aikin. Wannan wanin kuwa ba sai an ɗauko shi daga jami'a ba. Ɗan aji biyu mai fensir da littafi ya isa.

Amma kafin mutum ya ƙirga abu sai ya san shi. A Hausa suna ɗaya muke kiran tsuntsaye iri biyu da shi, alhali masana sun nuna ba dangin juna ba ne, neman abinci iri ɗaya ne ya sa suka yi kama. Domin sauƙi bari in kira ɗayar tsattsewa mai laka, ɗayar kuma tsattsewa mai yawu. Mai laka ita ce kuke gani a jere a kan wayar lantarki tana gyara gashinta. Takan sauka bakin kududdufi ta ɗebi taɓo a baki ta gina sheƙa kamar rabin ƙwarya. Mai yawu, wadda ita ce abin maganarmu, ba za ku taɓa ganinta a kan waya ko reshen itace ba. Ƙafafunta gajeru ne ƙwarai, ba sa yi mata amfanin tafiya, sai dai ta maƙale da su a jikin katanga. Saboda haka ne masana suka sa wa danginta suna Apus, kalmar Helenanci mai ma'anar marar ƙafa. Fikafikanta dogaye ne, sirara, a lanƙwashe kamar lauje. Tun da ba ta sauka ƙasa, kayan gininta ma a iska take kama su, watau gashin tsuntsu da ɗan tsinken ciyawa da guguwa ta ɗaga, sai ta haɗa su da yawunta wanda in ya bushe yakan yi tauri.

Wadda ta fi yawa a garuruwanmu 'yar ƙarama ce, tsawonta bai wuce santimita 13 ba, baƙa ce, da fari a maƙogwaro, da wani fari fat a bayanta daidai gindin wutsiya, kamar ta ɗaura ɗan farin ƙyalle. Wutsiyarta gajeriya ce, bakinta a miƙe kamar an datse da almakashi. Ita ce mai sheƙa a baranda, da ƙarƙashin gada, da gindin tankin ruwa, kuma ba ta son zaman kaɗaici, sheƙa a jikin sheƙa take yi kamar gidan gandu. Tana nan tare da mu rani da damina, ko ba ta da ƙwai a sheƙarta take kwana. Akwai kuma wata siririya mai launin toka da doguwar wutsiya mai tsini, wadda ba ruwanta da gini, giginya da goriba take bi. Wannan dabararta ta fi ba ni mamaki. A bayan ganyen giginya take manna 'yar sheƙarta, sa'an nan ta manna ƙwan ma da yawu a jikin sheƙar, domin kada iska ta kaɗa ganyen ƙwai ya faɗo. Wanda bai yarda ba ya je gindin giginya ya kwanta rigingine ya duba, gani ya kori ji.

Lokacin da ya fi kyau a nemi tsattsewa shi ne da sassafe, ko kuwa daga bayan la'asar zuwa faɗuwar rana. Kunne ma yakan riga ido, gama kafin ka gan su za ka ji siririyar ƙararsu a sama. Ka tsaya a inda kake ganin gefen rufi sosai, rana tana bayanka, kada ka bi garken duka da ido domin za ka yi jiri a banza. Ka zaɓi kusurwa ɗaya ka sa mata ido. Za ka ga tsuntsu ya ɓalle daga cikin 'yan'uwansa ya zo a guje kamar zai fasa kansa, sai kawai ya ɓace cikin rami. In maƙogwaronsa ya kumbura kamar ya haɗiyi goro, to, abinci ya kawo, akwai 'ya'ya a ciki ke nan. Ƙwarin da ya kama a iska yake tarawa a maƙoshi ya dunƙule su da yawu, dunƙule ɗaya yakan ƙunshi ɗaruruwan ƙananan ƙwari. Farin kashi a ƙasa daidai gindin katanga shi ma shaida ne. Ranar da aka yi ruwan fari shinge ya tashi kuwa, ranar ce sallar tsattsewa, kowa ya fito ya sha kallo.

Yanzu bari in ɗauke ku zuwa nesa, domin waɗannan namu suna da wata 'yar'uwa baƙuwa wadda labarinta ne ya sa na fara ɗaga kai. Ta fi namu girma kaɗan, baƙa ce wuluk ba farin baya, wutsiyarta a rabe, nauyinta kimanin giram 40, watau kusan na ƙaramin ƙwan kaza. A ƙasashen Turai take haihuwa, cikin ramukan da ke ƙarƙashin rufin tsofaffin gidaje da hasumiyoyin majami'u. Takan isa Ingila a ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, ta yi wata uku kacal, kafin Agusta ya ƙare ta juyo Afirka. Ta ƙetare teku, ta ƙetare Sahara, ta wuce har kurmin Kwango, wasu har Mozambik. A hanyar komawa da yawansu sukan dakata a sararin Laberiya su yi ƙiba kafin su sake tunkarar hamada. Wasunsu ta samanmu suke ratsawa, sai dai ba sa sauka su gaishe mu. A shekarar 2016 masana na Jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin suka bayyana sakamakon wani bincike da suka yi, inda suka ɗaura wa tsuntsaye 13 wata 'yar na'ura mai lura da motsin fikafikai. Suka tarar akwai waɗanda suka yi wata 10 cur a iska ba su sauka ba ko sau ɗaya. A sama suke ci, a sama suke barci, ruwa ma a guje suke shaftarsa daga fuskar tafki. Ku yi tunani, tsuntsun da duk faɗin duniya bai bukaci wurin sauka ba, abu ɗaya tak yake nema a hannun ɗan Adam, shi ne rami a jikin gini inda zai ajiye ƙwai biyu ko uku.

Mutumin da ya fara zama ya lura da wannan baƙuwa da kyau ba wani babban farfesa ba ne. Sunansa Gilbert White, ƙaramin limamin majami'a ne a wani ɗan gari mai suna Selborne a kudancin Ingila, kimanin kilomita 80 daga Landan. A nan aka haife shi a 1720, a nan ya rasu a 1793. Ba shi da madubin hangen nesa irin na yanzu, balle na'urar ɗaurawa a bayan tsuntsu. Abin da yake da shi littafin rubutu ne da haƙuri. Tun daga 1751 har shekarar rasuwarsa yana rubuta abin da ya gani a lambunsa da kewayen garin: ranar da tsuntsu kaza ya iso, ranar da ya tafi, ranar da itace kaza ya yi fure. Wasiƙun da ya riƙa aika wa abokansa biyu a kan waɗannan abubuwa aka tara aka buga a 1789, har yau kuwa ba a daina buga littafin ba. Ba kome ya gane daidai ba. Ya daɗe yana zaton wasu daga cikin tsattsewa mai laka ba sa tafiya ko'ina, ɓuya suke yi a ramuka su yi barci har sanyi ya wuce. Da ya sami wanda zai rubuto masa daga ƙasar nan, da an warware masa wannan cikin layi biyu, gama mu ne muke ganinsu a kan wayoyinmu a lokacin da shi yake nemansu cikin bunu.

Abin da ya fi jan hankalina cikin aikinsa shi ne ƙirgen da ya yi. A wata wasiƙa ta 1778 ya faɗi cewa ya tabbatar kowace shekara tsattsewa mai yawu da ke haihuwa a garinsu aure takwas ne, watau mata takwas maza takwas, kusan rabinsu a jikin majami'ar garin, sauran a ƙarƙashin jinkar gidajen talakawa. Sa'an nan ya yi tambaya: in waɗannan suna ƙyanƙyashe 'ya'ya kowace shekara, ina ƙarin yake tafiya, me ya sa adadin ba ya hawa? Wannan tambaya ta limamin ƙauye ita ce ɗaya daga cikin manyan tambayoyin da masu nazarin yawan halittu suke fama da su har yanzu. Bayan shekara fiye da 200, a 1983, masana biyu, John Lawton da Robert May, suka je garin domin su sake ƙirgawa. Suka tarar tsuntsayen sun daɗe da barin hasumiyar majami'ar, gidajen jinka kuma wasu sun rushe, wasu an rufe su da ragar waya. Duk da haka suka sami aure 12. Ku lura, ba domin wani ya rubuta takwas a 1778 ba, da 12 ɗin 1983 ba ta gaya wa kowa kome ba.

Na san mai gardama zai cafke ni a nan ya ce, ka gani, kai da bakinka ka faɗa, an toshe musu hasumiya sun sami wani wuri, to, me zai hana na kantin tasha su ma su nemi wani wurin? Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. Tsattsewa takan koma wani gini, muddin akwai wani ginin da zai karɓe ta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haka ita ma. A 1983 Ingila tana cike da tsofaffin rufi masu tsaga. Bayan haka sai gyara ya yawaita, ana sauya rufi, ana toshe kowace kafa domin kada ɗumin ɗaki ya fita, sababbin gidaje kuwa tun daga tushe ba a bar ko ramin da yatsa zai shiga ba. Ƙirgen da masu sa kai suke yi kowace shekara a ƙasar ya nuna daga 1995 zuwa 2020 tsattsewar nan ta ragu da fiye da rabi, har a 2021 aka sa ta cikin jerin tsuntsayen da aka fi jin tsoron ɓacewarsu a can. Ba rashin rami kaɗai ya jawo haka ba, raguwar ƙwari da lalacewar yanayi suna da nasu kason. Amma rami shi ne abin da ke hannun mai gida. Wani abin kuma, tsuntsun nan mai riƙon wuri ne. Edward Jenner, likitan nan da ya fito da lambar rigakafin agana a 1796, ya taɓa yi wa wasunsu alama, ya same su sun komo wuri ɗaya shekara bayan shekara. Tsuntsun da ya taso daga Kwango ya iske an toshe raminsa yakan yi kwanaki yana karo da wurin, sau da yawa haihuwar wannan shekara ta wuce shi ke nan.

Da Turawa suka farga sai suka shiga neman magani bayan sun bar rigakafi ya wuce su. Dokarsu ta 1981 ta riga ta hana a rushe sheƙar tsuntsun daji muddin yana amfani da ita. Suka ƙago wani bulo mai rami a ciki da 'yar ƙofa, wanda magini zai jera shi cikin katanga can sama kamar sauran bulo. Mutum fiye da 100,000 suka sa hannu a takardar neman a tilasta sa shi a sababbin gidaje, har majalisar dokokinsu ta zauna a kan maganar a 2023. A Oksfod kuwa akwai hasumiyar wani gidan tarihi na jami'a inda tun 1948 ake lura da tsattsewar da ke haihuwa a ciki, aikin da David Lack da matarsa Elizabeth suka fara. Ga mutane suna kashe kuɗi domin su mayar da abin da mu muke kakkaɓewa da gora.

Ba na cewa tamu tsattsewar tana bakin ƙarewa. Tana da yawa, gadoji da kwalbatoci ma sun ƙara mata wurin zama. Amma ku dubi yadda garinmu yake sauya kama. Soro mai azara da indararo yana ba da wuri ga bulo da siminti. Tsohuwar baranda mai katako a buɗe ana like ta da silin na roba mai santsi wanda ko ƙadangare ba ya iya maƙalewa. Giginya ana sarewa domin azara, ba a dasa wata. Tsohon gidan waya, da ɗakin shan magani na dā, da gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa, da tsofaffin majami'u da masallatai, kowannensu yana jiran ranar da za a sami kuɗin gyara shi ko a rushe shi. Ingila ma ba a dare ɗaya ta rasa nata ba, gida ɗaya-ɗaya aka bi, kowane mai gida yana ganin nasa ba kome ba ne. Bambancinmu da su, su suna da ƙirge, sun san abin da suka rasa. Mu in namu sun ragu, wa zai sani? Sai dai wata rana wani tsoho ya ce, kai, dā a nan akwai tsuntsaye.

To, sauran maganar datti. Gaskiya ne suna kashi, kuma ba wanda yake so ya sa fararen kayansa ya zauna a ƙarƙashin sheƙa. Maganin wannan katako ɗaya ne. A kafa falanki a ƙasan sheƙunan, da ɗan nisa yadda ba zai tare musu hanya ba, ya riƙa tare kashin, a kankare shi lokaci-lokaci a zuba a lambu, taki ne mai kyau. Kowane kafinta zai iya yin wannan kafin azahar. In sheƙar tana saman ƙofar ɗakin dafa abinci ko ɗakin marasa lafiya, ban ce a bar ta ba, lafiyar mutum ce gaba. Abin da na ce shi ne a jira 'ya'yan su tashi. Daga ranar da aka saka ƙwai zuwa ranar da ɗa zai fita ya kama iska kimanin wata biyu ne. Ginin da ya yi shekara saba'in a tsaye ba zai faɗi don an ƙara masa wata biyu ba. Wasu kuma masu son tsuntsayen sukan wuce gona da iri su ce tsattsewa tana maganin zazzaɓin cizon sauro. Kada mu yi ƙarya domin mu kare gaskiya. Tana cin sauro in ta gamu da shi, tare da ƙuda da shinge da ƙananan ƙwarin da ke ɓata amfanin gona, amma ba za ta maye gurbin gidan sauro ba. Ba ma sai ta biya mu da wani aiki kafin mu ƙyale ta ba. Ba ta taɓa hatsi, ba ta ɗaukar ɗan tsako, ba ta haƙa katanga. Wane maƙwabci ne a unguwarku za a yi wa wannan shaida?

Ga dattawa da 'yan kwamitin gine-gine, da duk mai tsohon gida a cikin gari, roƙona kaɗan ne. In za a ba da kwangilar gyara, a sa wani ya tsaya yamma biyu ko uku ya duba ko akwai masu shiga da fita. In akwai, a fara aikin ta wani gefen, a bar gefensu zuwa ƙarshe. In za a sa sabon silin a baranda, a bar kusurwa ɗaya can ƙurya da katakonta ko simintinta mai kaushi yadda yawu zai kama. A gaya wa ɗan kwangila tun kafin a yi ciniki, gama shi abin da aka ce ya yi zai yi, in ba a faɗa ba kuwa gora ce za ta yi magana. Masu sana'ar gini da ke cikinmu, ku ne kuka fi kowa sanin inda sheƙunan nan suke, domin ku ne kuke hawa. In kun faɗa wa mai gida, sau da yawa zai ji, don ba mugunta ta sa shi ba.

Ku kuwa ɗalibai, naku aikin ya fi daɗi. Da farko a ajiye danƙon harbi, tsuntsun da bai kai loma ɗaya ba bai cancanci dutse ba. Kowa ya ware 'yan shafuka a bayan wani tsohon littafinsa. In an tafi hutu ya zaɓi gini ɗaya a garinsu, ko gada, ko giginya, ya rubuta kwanan wata, da lokaci, da irin tsattsewar da ya gani, da yawan sheƙunan da ya iya ƙirgawa daga ƙasa, da nawa ne ake shiga. Kada a hau, kada a sa hannu, kada kuma a shiga gidan mutane ba sallama. In ba ka ga kome ba, rubuta cewa ba ka ga kome ba, wannan ma ilmi ne. Kada ka ƙara ko ɗaya domin naka ya fi na abokinka, gama ƙirgen ƙarya ya fi rashin ƙirge muni. Hutu mai zuwa ka koma wurin ka sake. In aka tara waɗannan a ɗakin karatu, aji yana miƙa wa aji, bayan shekara goma za a sami abin da ba a rubuce yake a kowane littafi ba. Akwai ma inda za a kai shi. A Amurum kusa da Jos akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis, wadda take ƙarƙashin Jami'ar Jos, kuma a 2015 aka fara aikin zana taswirar tsuntsayen Nijeriya, wanda ya dogara ga abin da mutane masu sa kai suke gani a garuruwansu su aika.

Na koma bakin kantin tasha bayan an gama aiki. Ya yi kyau, ba zan ɓoye ba, fari tas da shuɗin ƙofa. Barandar shiru. Amma da na zaga ta baya, inda tsani bai kai ba saboda tarin tsofaffin kwanuka, na ga sheƙuna kaɗan sun tsira, ana kuma shiga ana fita. An ce in damina ta wuce za a gyara bayan ma. Na riga na je na gai da mai kantin, na yi masa maganar falanki da jiran wata biyu, ya ce zai duba. Tsohon gidan waya kuwa ba wanda ya ƙirga nasa tukuna. Wanda yake so ya taya ni, mu haɗu a bakinsa ranar Asabar ta farko bayan an dawo hutu, ƙarfe biyar da rabi na yamma. A nemi izinin fita, a zo da fensir.